Hoton Kakana Da Fuskar Wani

Ba zan taɓa mantawa da washegarin wata Babbar Sallah a gidanmu na Tiga ba, kuma ko na so mantawar, Gwaggo Ladi ba za ta bari ba. Har yau in ta gan ni riƙe da waya sai ta kare fuska da mayafi ta ce, "Ɗan nan, ka rufa mini asiri kar ka ɗauke ni, ina son mijina." Mutane su yi ta dariya, ni ma in taya su, don ba ni da yadda zan yi.

Bari in fara da Iya. Iya kakata ce, ita ta haifi babana. Mijinta ya rasu tun kafin a yi auren iyayena, da aka haife ni aka saka mini sunansa, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini. In na je gaishe ta sai ta ce ga mijin da ba ya cefane ya zo cin tuwo, ni kuma in ce tuwon ma duk gudaji ne, in ba ta gyara ba sakin ta zan yi. Haka muke da ita tun ina yawo ba wando.

To sai ciwon ido ya kama ta, hawan jinin ido. Da Baba ya kai ta asibiti Kano, likita ya gaya masa gaskiya: na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, magani zai rage masa gudu ne kawai. Iya ba ta ɗaga wa kowa hankali ba. Sai wata Asabar da na zo daga Tudun Wada (can nake koyar da kwamfuta, a makarantar da kwamfutarta ɗaya ce tak, ita ma tana ofishin shugaba an lulluɓe ta da tawul), ta kira ni ɗaki ta buɗe wata tsohuwar kwalla, ta ciro katin aikin kakana na lokacin da yake lebura a gidan ruwa. A kusurwar katin akwai hotonsa, ɗan mitsitsi, bai fi babban yatsa ba, ya koɗe ya yi ja.

Ta ce, "Maigida, shi ke nan hotonsa a duniya. Da ina ganin sa, yanzu ko na kai shi hanci ba na ganin komai sai inuwa. Ku da kuka yi boko, ba a ƙara wa hoto girma ne? Ina so in sake ganin fuskar mutumin nan kafin ɗayan idon ma ya rufe."

Kun dai ji abin da ta ce. A ƙara masa girma. Aikin da kowane mai shagon hoto zai yi kafin shayinsa ya huce. Amma ina, ni a lokacin kaina ya ɗau zafi da manhajar nan ta AI mai haɗa hotuna, na zama kamar wanda ya sayi sabon keke, ko bayan gida zai je sai ya hau. Na bugi ƙirji na ce, "Iya, girma kawai? Ai sai na dawo miki da shi kamar jiya aka ɗauka. Ki ba ni zuwa Sallah."

Ta ce, "Allah ya kai mu. In ka kawo, a saman gadona za a rataye."

Ga wanda bai san yadda abin yake ba: manhajar tana karɓar hoto biyu. Ɗaya na wanda kake so ta zana, ɗaya kuma na misali, wato wanda za ta kwaikwayi salonsa, irin launinsa da haskensa da yadda aka zauna. Kamar dai ka kai wa tela yadi, ka haɗa masa da tsohuwar riga ka ce irin wannan ɗinkin kake so. Akwai kuma wani ɗan layi da ake ja da yatsa, shi ke gaya mata iya yadda za ta bi hoton misalin, kaɗan ko da yawa. A ƙasan layin an yi wani dogon bayani da ƙananan baƙaƙe. Ban karanta ba. Malamin kwamfuta guda zai tsaya karanta bayani?

Salon da nake so shi ne na hotunan sitidiyo na da, kuma na san inda zan samu. A unguwarmu akwai wani dattijo, Alhaji Ilu, tsohon dillalin hatsi, wanda duk zuwan da na yi gida sai ya aiko a kira ni in share masa waya, wai ta cika. A falonsa akwai hotonsa na samartaka, an ɗauka a Kano: labule mai zanen gidan bene a baya, tebur da rediyo da furen roba a gefe, shi kuma ya hakimce cikin kubta, ya ɗora hannu a gwiwa yadda agogo zai fito. Hoto tar, kamar ka yi masa sallama. Ina gama share masa waya na ɗaga tawa na ɗauka. Ya ce, "Ya burge ka ko?" Na ce, "Ƙwarai, Alhaji." Ban gaya masa abin da zan yi da shi ba, shi ma bai tambaya ba.

Na koma Tudun Wada da hoton katin kakana a wayata, na zauna aiki. Da farko na ja layin nan kaɗan. Abin da ya fito wani ramammen mutum ne mai kunnuwa a baje da ɗan karkataccen baki, yana zaune gaban labule kamar an kamo shi. Raina ya ɓaci. Na ce haba, mutumin da na ci sunansa ba zai yiwu ya zama haka ba, manhajar ce ba ta gane ba. Na ƙara jan layin. Kunnuwa suka ɗan kwanta. Na ƙara, hanci ya miƙe, kumatu suka ciko. Duk jan da na yi sai kakana ya ƙara kyau, ni kuma in ƙara jin daɗi, har na kai layin ƙarshe, ba sauran wurin ja.

Abin da ban gane ba shi ne, hoton kakana ya yi dishi-dishi da yawa, manhajar ba ta ganin fuskarsa sosai. Duk inda ta rasa abin zanawa, sai ta leƙa hoton misali ta ɗebo. Ni kuma da hannuna na ba ta izinin ta ɗebi son ranta.

Akwai kuma wani layi da na gani a kuncin kakana, ya taso daga gefen hanci ya gangaro. Na ce oho, kati ne ya karce saboda daɗewa. Na rubuta wa manhaja ta goge duk wani karce da tabo. Ta goge tas.

Za ku ce ban ga kama ba? Na gani mana. Sau ɗaya zuciyata ta ce mini, "Anya wannan bai yi kama da mai agogon nan ba?" Sai na ba ta amsa da cewa mutanen da ai duk kamarsu ɗaya. Kuma ni Alhaji Ilun da na sani tsoho ne mai farin gemu da sanda, haƙoran gaba sun yi sallama. Kakana kuwa ban taɓa ganin sa ba. Da wa zan gwada?

Ranar kasuwa na kai aka buga mini shi ƙato, aka sa a firam mai ruwan gwal da gilashi. Don in cika aiki, na sa aka rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: Marigayi Malam, sai sunansa, sannan Allah ya jiƙansa da rahama. Na naɗe shi da zanin gado, na rungume shi a mota tun daga Tudun Wada har gida, ina faɗa da kwandasta kar ya ɗora mini buhun masara a kai. Da na isa Baba ya ce, "Kawo mu gani mana." Na ce, "Baba a yi haƙuri, sai gobe, a gaban kowa." Ya dube ni ya ce to. Da na bari ya ɗaga ko gefen zanin nan ne, da ba na ba ku wannan labarin.

A gidanmu washegarin Sallah ne ranar gaishe da Iya. 'Ya'ya da jikoki da surukai duk a tsakar gida, ana ta suyar nama, tsofaffin unguwa kuma suna shigowa ɗaya bayan ɗaya su yi mata barka da Sallah. Ni na ƙi buɗe hoto sai da na ga gida ya cika. Ina cikin jira sai ga sallamar Alhaji Ilu, yana dogara sanda. Na ji daɗi har raina. Na ce madalla, ga wanda ya san marigayi, zai ba da shaida. Da kaina na shimfiɗa masa darduma a gaba-gaba.

Iya ta fito ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne. Na lura ta sa sabuwar atamfa, ta zizara kwalli, amma ban kawo komai a raina ba, na ɗauka kwalliyar Sallah ce.

Sai na yi jawabi. Wallahi na yi jawabi. Na yi bayanin yadda zamani ya ci gaba, yadda na'ura ke dawo da abin da ya ɓace, har na ce wa yara su dage da karatu don su zama irina. Sannan na jingina firam a jikin turmi, na yi bismillah, na yaye zanin gado.

Tsakar gida ta yi tsit. Ba ka jin komai sai ƙarar mai a kasko.

Ni a zatona mamaki ne ya kama su. Na tsaya ina murmushi, hannu a baya. Sai na ga Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba, ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Na ga Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Iya ta ce, "Matso mini da shi."

Na ɗauka na durƙusa a gabanta. Ta karkata kai don ta duba da idon dama, ta matso har numfashinta yana taɓa gilashi. Ta daɗe. Sannan ta sa yatsa a kuncin hoton ta ce, "Ina billensa?"

Na ce, "Wane bille, Iya?"

"Tsagar da ke kuncinsa."

Na ce, a hankali, "Na ɗauka karcewa ce. Na sa an goge."

Ta sake bin fuskar tun daga hula har haɓa, ta gangaro kan agogo. Sai ta ja da baya ta dube ni.

"Maigida, gaya mini gaskiya. Ilu ne ya aiko ka?"

Gwaggo Ladi ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya, ta faɗa jikin matar da ke kusa da ita. Shi ke nan gida ya ɗauka. Wata suruka ta ruga madafa tana tari.

Iya ta juya wajen darduma ta ce, "Alhaji, har yanzu ba ka haƙura ba? Sai ka biyo ta hannun jikana a rataye ka a saman gadona?"

(A nan ne ya kamata in gaya muku abin da kowa a garin ya sani ban da ni. Tun Iya tana budurwa Alhaji Ilu ya nemi aurenta, ya yi zarya har ya gaji, ga shi da keke da rediyo da agogo. Ita kuwa ta ce leburan gidan ruwa take so. An daɗe ana maganar a gari. Daga baya kowa ya yi iyalinsa, aka zama maƙwabtan arziki, tsofaffi suka bar zancen. Ni kuma na tono shi, na sa masa firam mai ruwan gwal.)

Alhaji Ilu ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Hajiya, wallahi ba ni da hannu. Yaro, miƙo in gani."

Na miƙa masa. Ya ciro tabarau ya saka. Ya kalli fuskar, ya gyaɗa kai kamar ya haɗu da tsohon aboki a tasha. Sannan idonsa ya sauka kan rubutun ƙasa, ya bi shi da yatsa yana karantawa a fili, har zuwa Allah ya jiƙansa da rahama.

Ya cire tabarau ya ce, "To, amin. Amma ni dai da ƙafata na shigo gidan nan."

Ban san wa ya fara faɗuwa ƙasa don dariya ba. Na dai san na nemi bayani, na fara cewa ai hoton misali ne, salon kawai na so ta ɗauka, akwai wani layi da ake ja. Ba wanda ya saurare ni. Baba ya taso, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Naɗe abin nan ka kai zaure." Na naɗe. Yaran da na ce su dage su zama irina suna biye da ni har zaure suna leƙe.

Daga zaure ban koma ciki ba. Na miƙe bakin dam na zauna kusa da masu gyaran koma, ina kallon ruwa kamar wanda aka aiko ƙirga kifi. Wani masunci ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce iska nake sha. Kunya kam na ji ta, irin wadda ke sa mutum ya ji rigarsa ta yi masa yawa. Amma a lokacin kaina kawai nake tausayi, ina tunanin yadda zan sake shiga unguwa.

Sai bayan la'asar na lallaɓo na shiga ɗakin Iya, na shirya shan tsiya. Na same ta ita kaɗai a bakin gado, ta cire sabuwar atamfar ta ninke, katin nan yana hannunta. Kwallin ya ɗan zubo a gefen ido.

Na durƙusa na ce, "Iya, ki yafe mini."

Ta ce, "Ba komai, Maigida. Ai ka yi ƙoƙari." Ta juya katin a hannunta. "Ni ce da zumuɗi. Tun asuba na yi wanka na sa kwalli, wai zan ga mutumin."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Duk dariyar da aka yi mini a tsakar gida ba ta taɓa ni kamar wannan maganar ba. Ita ma ta yi dariyar tare da su, har ta ja Alhaji da tsokana don kar taro ya lalace, alhali abu ɗaya ta roƙe ni, idonta kuma ba jira yake ba. Na ji haushin kaina ƙwarai, kuma na ji tsoro, don ban san kwana nawa ya rage wa idon ba.

Na ce, "Ba ni katin."

Ta riƙe shi gam. "Me za ka sake yi masa?"

"Girma kawai. Wallahi girma kawai."

Masu shago suna buɗewa bayan hutun Sallah ina bakin ƙofa. Na ce a ƙara wa hoton nan girma yadda yake. Mai shagon ya duba ya ce zai fashe, zai yi dishi-dishi, ko in bari ya ɗan gyara shi da AI? Na ce in ya taɓa shi sai mun yi shari'a. Ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ya buga, ya sa a firam mai gilashi.

Abin da ya fito ba kyan gani. Duk ɗigo-ɗigo, ga tsatsar ƙusar da aka maƙale hoton da ita a sama, ga rabin hatimin ofis a kafaɗa. Ramammen mutum, kunnuwa a baje, baki ya ɗan karkace. Wato wanda manhaja ta fara ba ni na ce ba ta gane ba.

Wannan karon ban tara kowa ba, ban yi jawabi ba. Na same ta da hantsi na miƙa mata. Ta ce in kama ta mu je bakin ƙofa inda haske yake. Ta karkata kai, ta kai hoton kusa, ta ja shi baya, ta sake kawo shi. Ni ina tsaye ina cewa yanzu za ta ce ba ta ganin komai.

Sai na ji ta yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa.

"Yauwa. Ga mummunan nan."

Ta shafa gilashin da tafin hannu. "Dubi kunne don Allah. Ni ko me na gani a jikin wannan?" Hawaye yana zuba tana dariya. Ta daɗe a tsaye a wurin har na ce ta zauna ƙafarta za ta gaji, ta ce in ƙyale ta.

Da na ɗauko guduma zan buga ƙusa a saman gado, ta ce a'a, in sauko da shi ƙasa, daidai inda take sa kai, don can sama ya yi wa idonta nisa. Nan na buga. Ta samu damina guda tana ganin sa. Bayan an yi girbi idon ya ƙarasa rufewa, amma ta hana a matsar da hoton, ta ce ta san inda yake.

Shi kuwa mai ruwan gwal, Alhaji Ilu ya aiko aka ɗaukar masa daga zaure, ya ce bai taɓa yin hoton da ya yi kyau haka ba. Na ce a kawo in sa a cire rubutun ƙasan. Ya aiko mini da cewa sunan kawai za a canza, addu'ar a bar ta, za ta yi amfani wata rana.

Har yanzu ina haɗa hotuna da manhajar, kuma yanzu ina karanta ƙananan baƙaƙen nan. In salo nake so, hoton labule da tebur nake ba ta, ba na ba ta fuskar kowa. Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta ce ka ƙara wa hoto girma, ka ƙara masa girma ka kama bakinka. In kuma ka nace sai ka nuna wa na'ura misali, to ka fara tambaya a unguwa ko mai hoton ya taɓa zuwa zance gidanku.